Karen Madam Lizzy da Ƙasar Tukunyar Fulawa

"Haula, ajiye wayar nan. Na ce ki ajiye!"

"Ba zan ajiye ba, Kawu. Amana aka ba ni."

Haka kiran ya shiga ofishin 'yan sanda, da hayaniyarsa. Kafin la'asar Insfekta Katung ya tsayar da motarsa a ƙofar wani ɗan situdiyo a Takoma Park, inda Haula Tahir take ɗaukar karnukan mutane hoto irin na rataye a falo.

Katung ɗan Kafanchan ne, ya daɗe a jihar Maryland ta Amurka amma Hausa ba ta bar bakinsa ba. Ya tarar da farin yadi shimfiɗe a bango, manyan fitilu biyu, da keji a buɗe babu kowa ciki. Wata tsohuwa Baturiya, Madam Lizzy, tana zaune rungume da igiyar karenta Biskit tana sharar hawaye.

"Ta bar mini shi ta tafi ganin likita," in ji Haula. "Na gama ɗaukarsa, na sa shi a keji, na fita sayen abinci. Na dawo babu shi."

"Kin kulle?"

"Gaba da baya."

Katung ya duba ƙofar baya. Ba a ɓalle ta ba, ko ƙwarzane babu.

"Wa ke da makulli ban da ke?"

Haula ta nuna sama da hannu. "Mai ginin. Kawuna, Alhaji Sabo. Ofishinsa na sama."

Alhaji Sabo ya karɓi Insfekta da fara'a, ya jawo masa kujera, ya tambayi gida da aiki.

"Ranka ya daɗe, ka sauka situdiyon yau?"

"Ni? Subhanallahi! Tun da yarinyar nan ta cika mini gini da karnuka ƙafata ba ta taka ɗakin ba. Digiri biyu gare ta, Insfekta, ta ƙare a ce wa kare ya kalli kyamara. A masallaci har kunyar ɗaga kai nake."

"Makullinka fa?"

"Ya ɓata tun bara."

Katung ya yi godiya ya sauko.

A ɗakin baya na situdiyon akwai wurin wanke hannu. Ya leƙa, ya ga laka ta kwanta a bakin magudanar. Kan taga kuma ga tukunyar fulawa, an kwashi ƙasarta da yatsu har saiwa ta fito.

Ya daɗe tsaye. Ya tuna wata maƙwabciyarsu a Kafanchan, ranar da karensu ya lashi kwanonta, yadda ta durƙusa tana dirje shi da ƙasa kafin ta ɗauraye. A duk ofishinsu babu wanda zai kalli lakar nan sau biyu.

"Malama Haula, in kare ya lashe ki, da me kike wankewa?"

"Safar hannu nake sawa. In ya taɓa fata, ruwa da sabulu."

"Ƙasa fa?"

"Ban taɓa ba." Ta bi idonsa zuwa tukunyar. Fuskarta ta sauya.

Ya sake hawa sama. Wannan karon bai zauna ba.

"Alhaji, ko zan ga hannunka?"

"Hannuna kuma? Na zama ɓarawon akuya ke nan?"

"Gani kawai zan yi."

Alhaji ya miƙa. Baƙar ƙasa ta maƙale a ƙarƙashin faratansa biyu.

"Shuka na yi a gida da safe."

"To. Mu je gidan mu ga shukar, mu leƙa gareji ma. Ko in nemo takardar izini daga kotu, in zo da mutanena maƙwabta suna kallo."

Alhaji ya cire hularsa ya ajiye kan tebur.

"Lasata ya yi," ya ce a hankali. "Ina ɗaukarsa ya lashe mini hannu. Ga azahar ta yi, da me zan yi salla? Wallahi ban cuce shi ba, yana gareji, har ruwa na ajiye masa. So nake Turawan su daina yarda da ita, ta rufe wurin ta nemi aikin mutunci."

Da suka sauko, ya tsaya gaban Haula ya rage murya, yana zaton Insfekta ba zai ji ba.

"'Yata, ki ce ke kika ba ni shi in zagaya da shi, kika manta. Magana ta mutu a nan."

"Kawu, ni zan zama wadda ta manta da amana ke nan? Tsohuwar nan tun rana take kuka. Ba zan faɗi abin da ban yi ba."

"Ni na biya miki kuɗin jirgi!"

"Ka biya, kuma ban manta ba. Allah ya saka da alheri. Amma ba zan faɗa ba."

Katung bai sa masa ankwa ba, albarkacin furfura. Ya buɗe masa ƙofar motar, Alhaji ya shiga kansa a sunkuye. Kafin magariba Biskit ya dawo hannun Madam Lizzy yana kaɗa jela, ko a jikinsa.

Bayan wata guda Katung ya bi ta garin Gaithersburg ya ga sunan Haula a jikin wani ƙaramin shago kusa da wurin wankin mota. Ya tarar da ita kwance a ƙasa da kyamara, tana yi wa wani jibgegen kare fito.

"Malama, yaya sabon wuri?"

Ta ɗago tana dariya. "Alhamdulillahi, Insfekta. Madam Lizzy ta turo mini duk ƙawayenta, har layi ake."

"Gida fa?"

Ta gyara zaman fitilar kafin ta amsa.

"An kore ni daga ginin. Inna ta daina ɗaukar wayata, bikin 'yar Kawu ma a hoto na gani. Shi ne abin da na biya, kuma ina barci lafiya."