Layin Baba

Da takardar shaidar rasuwar mahaifinta ta shigo shagonsa na gyaran fanka, don jiya a waya ya ce mata duk ɗan damfara haka yake farawa.

"Layin da ke wayarka na babana ne," ta ce. "Da ya rasu aka rufe, kamfani ya sayar maka. Ni tela ce, da asusunsa nake sayen zare a intanet, kuma ba ya buɗuwa sai da lambar sirrin da ake turowa layin nan."

Kunya ta kama shi. Ya karanto mata lambobi shida, biyu ba daidai ba, don idonsa ba kan wayar yake ba.

Daga nan duk Litinin sai ta yi oda, ko da ta allura ɗaya ce.

"Telata, ga lambarki: 408215. Kin ci abinci?"

"Na ci, Injiniya. Kai fa?"

Mutumin da bai wuce fanka ba, ita ta naɗa shi Injiniya, shi kuma ya karɓi sarautar hannu bibbiyu.

Kuskurenta ɗaya ne, ta kasa canza sunan layin a wayarta. Wata la'asar wayar ta yi ƙara a kan keken ɗinki, mahaifiyarta ta leƙa ta ga an rubuta Baba. Ta kira 'yar ta tambaye ta.

"Ban ce yaron yana da aibi ba," uwar ta ce bayan ta ji bayani. "Amma shekara ashirin ina kiran lambar nan. Ba zan iya jin wata murya a cikinta ba. Ki kashe abin da ke haɗa ku."

Kashe tsarin turo lambar sirrin ma sai da lamba.

"Turo min. Ta ƙarshe ce."

"730962. Laifi na yi, Telata?"

Ta shigar da lambar. Allon wayar ya tambaye ta ko ta tabbata, wai tsaron asusun zai ragu. Ta danna e, hawaye na ɗiga kan yadin mutane.

Wata bakwai babu labari mai daɗi. Sau biyu kawunsa yana zuwa nema masa aurenta, ana ba shi ruwa da haƙuri. Yayanta ya kawo abokinsa mai kemis, ta gaishe shi kamar mai karɓar ta'aziyya. Ta rame, ta koma ɗinka wuyan riga a karkace. Shi ma ya fid da rai.

Ranar da ya haƙura, ya cire layin ya sa a ambulan, ya je ya durƙusa gaban mahaifiyarta.

"Mama, ba roƙo na zo ba. Kayan gidanku na dawo da shi."

"Ba ita ce lambar da ke jikin allon shagonka ba? Masu kawo gyara fa?"

"In sun gaji za su nemi wani."

Ta daɗe tana juya ambulan ɗin a hannunta. A bayan labule keken ɗinki ya tsaya.

"Marigayi ma haka yake, ba ya duba asararsa," ta ce a hankali. Ta miƙa masa. "Mayar da shi wayarka, ɗana. Gara in kira a ɗauka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, uwar ta riƙe hannunta ta kasa dogon jawabi.

"Allah ya ba ku zaman da muka yi, ya ƙara muku tsawon kwana a kan namu."

Ɗakin ya amsa da amin.