Kabiretar Koriyar Mota

Ranar da na ɗaga bonet ɗin tsohuwar motar mahaifinmu ƙirar Holden, na tarar an kwashe kabireta da kwanon matatar iska, har da bututun da ke kai iska cikin injin. Ƙanena Darryl ne ya sayar wa wani mai tara tsofaffin motoci, wata biyu kacal da rasuwar Baba.

"Haba Noelene, mota ce fa kawai," in ji shi a waya.

"Mota ce kawai? Saura kwana uku a yi jerin gwanon tsofaffin motoci da Baba bai taɓa fashi ba, sakarai!"

Na kife wayar, na kama hanyar filin matattun motoci na tsoho Merv, can bayan garin Broken Hill. Rana ta kusa faɗuwa na isa. Yana zaune da kofin shayi, karensa na kwance.

"Guda ɗaya ce mai irin kayan da kike nema," ya ce. "Koriyar can ƙarshen shinge. Ba ta sayarwa ba ce."

"Shekara nawa tana ruɓewa a can?"

"Ki tafi gida, 'yar nan."

Raina ya riga ya ɓaci. Na ɗauki sifana na wuce shi. Karen ya biyo ni rabin hanya, ya tsaya.

Shekara biyu ba mu ga ruwan sama ba, amma gefen motar warin laka yake yi, irin ta gindin kogi. Na ɗaga bonet. Ba batir. Wayoyi duk ɓera ya cinye. Kwanon iskar kuwa yana sheƙi.

Na kwance noti, na ɗage murfin.

Sai na ji an ja numfashi.

A hankali, dogo, daga cikin bakin kabiretar. Gashina ya zubo gaba, yana karkata zuwa ramin.

Na buɗe baki zan yi ashar. Iskar ƙirjina ta fice, ta bi ramin.

Na ja, ba ta dawo ba.

Wani abu ya buga gilashin gaba daga ciki. Tafin hannu ne, fari, a jiƙe.

Ruwa mai sanyi ya cika min maƙogwaro.

Merv ne ya finciko ni ta baya, ya cusa tsumma a ramin, ya maida murfin. Na faɗi ina amayar da ruwa mai ƙasa-ƙasa.

"Daga kogi aka jawo ta," ya ce ƙasa-ƙasa. "Da direban a ciki. Har yau iska yake nema."

"Shi ne ba ka faɗa min ba, tsohon banza?"

"Da kin yarda?"

Na jefe shi da sifana, ban same shi ba.

Kwana tara na yi a asibiti. Likita ta ce ruwa ne a huhuna, ta tambaye ni a ina na yi iyo cikin wannan fari. Ina kwance aka yi jerin gwanon, ba motar Baba.

Yanzu ko matakala biyar na hau sai na tsaya na huta. Darryl ya zo dubiya da furanni, yana sunkuyar da kai. Na so in zage shi tas. Numfashina bai kai ba, sai na nuna masa ƙofa.