Kalmomin Mamaci Goma Sha Biyu

Kassim mai gyaran salula ne a Damagaram, kuma shi ke yi wa 'yan kasuwa bayanin bulokcen. Rajista ce guda, in ji shi, amma kwafinta na cikin dubban na'urori a duniya. Kowane shafi ɗaure yake da na bayansa, abin da ya shiga ba ya goguwa. Kowa na ganin dukiyar da ke ciki, amma ba mai taɓa ta sai mai kalmomin sirri goma sha biyu.

Akwai wata ajiya da ta shekara tara ba ta motsa ba. Da alama mai ita ya mutu da kalmominsa. Kullum sai Kassim ya buɗe ya zura mata ido.

Wata Laraba da azahar ya nufi duwatsun bayan Hamdara, kogon boka Gana, don ya karɓo masa kalmomin mamacin. Kogon na warin tsohon jini. Ga baƙar ƙwarya cike da ruwa, ga busassun harsunan awaki an tsire su a ƙaya.

"Matattu ba sa kyauta," in ji Gana. "Kowace kalma da bakinta."

"Bakin raguna, Baba?"

"Kai dai ka yarda ko ba ka yarda ba?"

"Na yarda."

Ruwan ya motsa. Wata murya ta fito daga ciki tana jero kalmomin, Kassim na rubutawa a tafin hannunsa.

Kalmomin suka buɗe ajiyar. Kafin damina ya gina bene, ya jera motoci. Sai wata safiya matarsa Raliya ta tsaya a tsakiyar magana, baki buɗe. Bayan kwana uku aka binne ta. Mahaifiyarsa ta bi. Ƙaninsa Yunusa ya haukace, yana yawo yana nanata kalma guda ta baƙon harshe, ta uku a jerin.

Kassim ya koma kogon.

"Baba, a mayar musu da abinsu."

"A na'urar taku ana mayarwa?"

"Ba a mayarwa."

"To, nan ma haka."

Mutum tara ke nan suka tafi. Kassim ya daina kuka tun a na biyar. Wuni yake zaune a ƙofar bene, in an gaishe shi ya amsa, in an ba shi abinci ya ci. Saura shi da 'ya'yansa mata biyu. Jiya ƙaramar, Aliya, ta leƙo ta ce, "Baba, ka ga…" sai ta yi shiru. Bai ko waiwaya ba.

Kai mai kwaɗayin abin da ba guminka ba, ka ji tsoron Allah. Boka ba ya faɗin farashi, kuma daga cikin gidanka yake ɗauka.