Gwangwanin Irin Inna

Auta na shara a tsakar gida Kawu ya shigo da takardu a hannu, baki har kunne.

"An gama! Na sayar da gonar gado, za a yanka ta fuloti-fuloti. Wa ke wahalar noma yanzu, ga shinkafar waje fara sol a kowane shago?"

"Kawu, gonar da Baba ya bari fa..."

"Rufe min baki! Shi kuma Mai Garman nan da ke zuwa wurinki da kaushi a ƙafa, ki gaya masa gidan nan ya fi ƙarfinsa."

Bai tsaya nan ba. Ya ɗauko ƙwaryar irin dawar da Inna ta shekara talatin tana zaɓa zangarniya-zangarniya, ya watsa wa kaji. Inna ta fashe da kuka. Auta ta durƙusa tana kokawa da kaji, ta tsinci abin da ya rage a gwangwanin madara. A ranta ta ce, wallahi sai ka roƙi wannan irin da bakinka!

Shekara biyu Kawu yana hana auren, Auta ta ƙi kallon kowa, har dangi suka gaji suka aurar da ita ga Mai Garma. Da gwangwanin ta tare. Suka shuka a 'yar gonarsa, suna ware iri kowace kaka, mutane na yi musu dariya. Gonakin gari kuwa duk suka koma bulo da kwano.

A shekara ta bakwai da sayar da gonar gadon, jiragen shinkafa suka daina zuwa. Shaguna suka bushe ƙaƙas. Sai ga Kawu da sallama, ya rame, hula a hannu.

"'Yata... ko za ki taimaka min da ɗan iri?"

Daɗi ya kama Auta har cikin ƙashi, kuma ba ta ɓoye ba. Ta cika gwangwanin nan taf, ta ajiye a gabansa.

"Ga shi, Kawu, wanda kaji suka rage ne. To a ina za ka shuka? A kan siminti?"

Kawu ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan dawar.

"Haba gimbiyata, ya isa haka," in ji Mai Garma. "Kawu, akwai kunya goma a gefen gonata. Gobe ka zo da fartanya."

Washegari Auta ta kai wa Kawu ruwa gona. Ta tarar da shi duƙe, hannu duk bororo, sai ta ji fushin shekara bakwai ya sauka.

Haƙuri ya rama mata fiye da yadda bakinta ya rama. Duk mutanen da suka sayar da gonarsu, sun miƙa cikinsu ga baƙon da ba zai ji kukan yunwarsu ba.