Kwalin da Aka Sauya a Hanyar Lyon

Ƙarfe goma na safiyar Juma'a Dakta Uzairu Badaru ya bugo daga ɗakin gwajinsu na Lyon, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

"Hajiya Zouera, kayan da kuka aiko ba na totoaba ba ne. Na giwan ruwa ne, duka arba'in ɗin."

Zouera Maikano, jami'ar bincike a duwan, wato kwastan, na Paris, ta ajiye kofin shayinta. Ita da kanta ta kama kayan ran Litinin a jakar wani matafiyi daga Meziko: busassun jakunkunan iska na cikin kifin totoaba, waɗanda ake fasa-ƙwaurinsu zuwa Asiya. Tarun da ake kafa wa kifin shi ke shaƙe vaquita, wata 'yar dabbar teku mai kama da dolfin, wadda saura kamar goma a duniya. In gwaji ya ce giwan ruwa ne, alƙali zai saki matafiyin, masu kafa tarun kuma su ci gaba da aikinsu.

"Hatimin kwalin fa?"

"Ba a taɓa shi ba. Nauyi ma daidai da takarda, kilo uku da giram ɗari biyu da tamanin."

Ta fara da Ilya, direban da ya kai kwalin.

"Ka tsaya a hanya?"

"Sau ɗaya, madam, na yi sallah kusa da Beaune. Kwalin na cikin akwatin ƙarfe, makullin kuma ba ya hannuna."

Na'urar bin sawun motar ta gaskata shi: minti goma sha biyu. Ta sallame shi.

Sai Fatou, mai kula da ɗakin ajiyar shaidu. Ta zo da rajista a rungume, idonta ya yi ja.

"Yaushe aka buga hatimi?"

"Laraba da rana."

"Me ya hana a buga ran Litinin?"

"Monsieur Vasseur ya ce a jira shi, zai dawo ya ɗauki hotuna."

Lucien Vasseur masani ne daga wata ƙungiyar kare dabbobin teku, shi aka kira ran Litinin ya duba kayan, aka auna su a gabansa.

"Kin bar shi shi kaɗai da kwalin?"

Fatou ta sunkuyar da kai. "Minti biyar. An kira ni ƙofa in karɓi saƙo, na je ban tarar da kowa ba."

Zouera ta hau metro zuwa Barbès. Ƙarƙashin gadar jirgin 'yan kasuwa na ta kiran masu saye. Ta kutsa zuwa shagon Alhaji Moutari, Bamaraɗe mai sayar da busasshen kifi. Suka gaisa, ya tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, kana ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Baba, a satin nan wa ya sayi jakar iskar giwan ruwa da yawa?"

Alhaji ya yi dariya. "Ai ba zan manta shi ba, ɗiyata. Mai saye yakan ce a ba shi kilo uku ko huɗu. Wannan Bature kuwa cewa ya yi guda arba'in, kuma sai sun hau kilo uku da giram ɗari biyu da tamanin cif. Ya cire wannan, ya sa wancan, rabin awa yana kan sikelina."

"Wace rana?"

"Talata, bayan azahar."

Ta nuna masa hotunan mutum shida a talho, wayarta ta hannu. Bai yi wata-wata ba ya ɗora yatsa a kan na huɗu, hoton Vasseur.

Washegari da hantsi ta sauka daga jirgin ƙasa a Lyon, inda Vasseur ke zaune, da takardar izinin bincike da abokan aiki biyu. Vasseur ya tarbe su da fara'a a ofishinsa, bango duk hotunan vaquita.

"Shekara tara ina wannan gwagwarmaya," in ji shi. "Ku tuhumi direba."

"Direba bai taɓa ganin takardar awo ba," Zouera ta ce. "Hatimi lafiya lau yake, ke nan kafin a buga shi aka yi musayar. Mu uku muka san nauyin: ni, Fatou, da kai. Fatou na bakin aiki ran Talata har yamma, rajista ta nuna. Kai kuwa kana Barbès kana wahalar da sikelin wani dattijo. Ran Laraba kuma daga lambarka aka buga wa mai gadin ƙofa aka ce a kira Fatou."

Fara'ar ta gushe daga fuskarsa. Ya zauna a hankali.

"Ina na ainihin?"

Abokan aikinta suka shiga bincike. A garejinsa suka same su, cikin jakar kayan ɗaukar hoto, guda arba'in cif. A talhonsa kuma akwai sunayen masu aikowa da na ƙauyukan bakin teku inda ake kafa tarun. Shi ne ke sanar da masu kafa tarun duk inda masu sintirin teku za su bi.

Ran Talata Uzairu ya bugo, wannan karon da cikakkiyar gaisuwa.

"Totoaba ne, Hajiya. Ba sauran tantama."

Alƙali ya hana belin matafiyin da Vasseur. Aka aika da sunayen zuwa Meziko, kafin wata ya ƙare saƙo ya dawo cewa an tsamo taru goma sha ɗaya daga ruwa, kuma masu sintiri sun hango vaquita biyu, uwa da ɗanta, suna iyo kusa da jirginsu.

Zouera ta koma Barbès ta nuna wa Alhaji Moutari hoton vaquitan da masu sintirin suka turo. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Ana cin ta ne?"

"A'a, Baba."

"To me take yi wa mutane?"

"Ba komai. Rayuwarta kawai take yi."

Alhaji ya gyaɗa kai, ya miƙa mata talhon.

"Wanda ya halicce ta ya san abin da take yi. Turo mini hoton, in nuna wa jikokina."