Ƙofar Arewa da Hamo Ya Toshe

Rana ta faɗi a bayan hasumiyar cocin garinmu, an buga ƙararrawar yamma. Idoni tana juya faten wake a kan murhu, mijinta Hamo, babban maginin cocin, yana kankare farar ƙasa daga hannuwansa. Sai dutse ya faɗo a kan jinka. Wani ya biyo ta kafar hayaƙi, ya faɗa cikin tukunya.

Idoni ta tsamo shi da ludayi. Farin dutsen coci ne, a jikinsa da zanen ƙafar tsuntsu, alamar da Hamo yake yi wa duk dutsen da ya sassaƙa.

"Yaran maƙera ne," in ji Hamo.

"Yaran maƙera ne suka iya zanenka, maigida?"

'Yarsu Amis tana gefe. Tun da ta dawo daga coci, inda ta riƙe jaririn maƙwabta aka yi masa baftisma, take zaune ta ƙura wa bangon arewa ido.

Tun zamanin kakanni cocin yana da ƙaramar ƙofa ta arewa. Ba a shiga ta nan. Ranar baftisma kawai ake buɗe ta, don abin da ruwa mai tsarki ya kora daga jikin jariri ya sami hanyar fita. A shekarar nan ne Gilbat, attajirin ulu, ya so a sa babbar tagar gilashi mai launi a wannan bango. Da aka fasa bangon, rufin dutsen cocin, mai lanƙwasa kamar baka, ya fara tura shi waje, dattawan coci suka ce a gina tokara ta dutse daga waje don ta riƙe bangon. Wurin tokarar kuwa ya faɗa daidai kan ƙofar. Idoni ta roƙi mijinta kada ya toshe ƙofar, ya ce, "Ke dai ji da tukunyarki. Aljani ne zai riƙe mini rufi?" Ya toshe ta.

Daga ranar baftismar nan, kullum in yamma ta yi sai duwatsu. In sun lafa sai shiru mai nauyi, sannan a ji wata murya cikin bango kamar ana laluben sakata. Amis ta daina cin burodi. Tana yaƙushin bangon arewa har faratanta suka tsage.

Idoni ta je ta kamo rigar Fada Osbat, tsohon limamin cocin, wanda idonsa ya dushe wajen karatun littattafai. Ya zo da kyandir da gishiri da ruwa mai tsarki, ya yayyafa wa yarinyar.

"Da sunan Allah, wane ne kai?"

Bakin Amis ya motsa, amma muryar ta wani ƙato ce. "Tsoho, ka san ni. Sau nawa ka kore ni na fita ba gardama? Na zo ƙofata na tarar da bango. Na juyo, ita ce kusa, na shige ta."

"Ka fita ta babbar ƙofa."

"Ta ƙarƙashin ƙafafun waliyyanku na dutse? Ka raina ni. A rushe tokarar."

"Rufi zai faɗo a kan masu addu'a."

"To, ni da yarinya mun zauna ke nan. Ba ta da nisan kwana, na ji ƙashinta."

Fada Osbat ya daɗe yana karatu, kyandir yana rawa. Can ya ce, "Dutse ɗaya. Kafa guda ta ishe ka."

Muryar ta yi dariya. "Dutse ɗaya. Amma hannun da ya ɗora shi ne zai cire, kuma ya bar mini hannun a cikin kafar har in wuce."

"Maigida, kada..." in ji Idoni. Sai ta dubi 'yarta.

Hamo ya wuni yana sara a gefen tokarar, inda bakin tsohuwar ƙofa yake. Da yamma aka kwantar da Amis kusa da kwanon dutse na baftisma. Hamo ya cire dutsen, ya zura hannunsa na dama cikin kafar. Wani sanyi ya ratsa cocin, kyandirori suka mutu, Hamo ya yi nishi sau ɗaya. Amis ta buɗe ido ta ce, "Inna, ina jin yunwa."

Hannun ya fito fari fat, a ƙame. Bai sake riƙe guduma ba.

Dattawan coci suka ɗauko wani magini daga birni. Tagar Gilbat ta yi kyau, sunansa yana ƙasanta da jan gilashi. Da sanyi ya shigo, matarsa ta ce iskar kafar nan tana buga mata wuya a inda take durƙuso, aka sa sabon magini ya liƙe ta.

Hamo ya ji labari yana zaune a ƙofar gida. Amma duk jajiberin baftisma, za ka ga Idoni, ta tsufa ta sunkuya, tana bin gefen bangon arewa da ƙarfen sassaƙar mijinta ɓoye cikin gyale. Ta farke kafar, ta yi addu'a, ta koma gida. Washegarin baftisma a sake liƙewa.