Karin Kumallon Ƙarfe Sha Ɗaya

Ƙarfe bakwai da rabi na safe Malama ta tsinci kanta tsaye a kicin, ƙwai biyu a hannu, kasko a kan wuta. Sai da mai ya fara ƙara sannan ta tuna. Ta kashe wutar da sauri, ta mayar da ƙwan cikin kwando tana yi wa kanta dariya.

"Na ji ƙamshin mai!" Tela ya ɗaga murya daga falo. "Malama, ko kin tuba ne?"

"Ban tuba ba, Baban Auta. Hannuna ne ya yi mantuwa."

"To Allah ya ƙara wa hannun nan mantuwa!"

Ta fito da kofi biyu na baƙin shayi, babu sukari babu madara, ta ajiye masa ɗaya. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ɗaga kai ya dubi agogon bango kamar wanda ya yi masa laifi.

"Saura awa uku da rabi," in ji shi. "Ni dai ina zargin batirin agogon nan ya yi sanyi."

"Jiya na sa masa sabo. Sha shayinka."

Shekara arba'in da ɗaya ke nan da aurensu. Ita malamar firamare ce da ta yi ritaya, shi kuwa tela ne mai shago a bakin kasuwa. Malama ba ta cikin matan da suka iya kalaman soyayya. In tana son ta gaya wa mijinta yana ranta, sai ta ƙara masa cokali biyu a faranti, shi kuma bai taɓa mayar da ko loma ɗaya ba. A haka tumbi ya yi ta gaba, gwiwoyi suka fara kuka, jini ya hau. Ranar da abin ya kai maƙura, ya durƙusa zai auna ƙafar wandon wani kwastoma, ya kasa tashi, sai da maza biyu suka kama shi. Ya dawo gida yana ba da labarin da dariya, amma Malama ba ta yi dariya ba. Washegari ta tasa shi gaba zuwa asibiti.

Sikeli ya nuna kilo ɗari da goma sha biyu. Likitar, wata matashiya mai fara'a, ta auna jininsa, ta duba magungunansa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Baba, ba ƙwaya zan ƙara maka ba, lokaci zan yanka maka. Ka ci abincinka tsakanin sha ɗaya na safe da bakwai na yamma. Bayan nan sai ruwa da shayi marar sukari, ka sha iya shanka. In ka ji jiri, ka ci wani abu nan take, ka zo ka gaya mini."

"Azumi ke nan babu lada?" in ji Tela.

"Ladan na gwiwoyinka ne," in ji likita.

A nan Malama ta ce ita ma a auna ta. Da likita ta ce babu matsala, ta juya ga mijinta. "Ba zan zauna ina tauna kana kallona ba. Tare za mu yi."

Mako biyu suka yi lafiya lau, suna tsokanar juna, suna gadin agogo. A mako na uku Gwaggo ta yi sallama da ƙarfe takwas na safe.

Gwaggo yayar Tela ce, ta ba shekara saba'in da biyar baya, 'ya'yansa ne suka sa mata sunan har ya bi ta. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, lokacin yana yaro mai yawan ciwo, siriri har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Ta zauna, aka gaisa, ta dubi tebur ta ga kofuna biyu kawai.

"Har kun kwashe kwanukan?"

"Yaya, ai ba mu karya ba tukuna," in ji Malama. "Sai sha ɗaya. Bari in soya miki ƙwai."

"Sai ƙarfe nawa?"

Tela ya fara bayani, amma bai kai ƙarshe ba Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Mutum mai shekara sittin da takwas a hana shi karin kumallo? Dubi wuyansa! Dubi yadda idanunsa suka faɗa!"

"Yaya, likita ce ta..."

"Ke rufe mini baki da zancen likita! Likita ce ta yi ta ɗura masa abinci da cokali yana kakkafewa a hannuna? In kin gaji da girki ki faɗa. In kuma shi kika gaji da shi, ki ba ni ƙanena, ban mutu ba tukuna!"

Maganar ta soki Malama har cikin ƙashi. Shekara arba'in da ɗaya tana tashi tun duku-duku saboda cikin mutumin nan, yau ita ce ta gaji da shi? Amsa ta zo mata har bakin leɓe, ta haɗiye ta. Ta shiga kicin ta soya wa Gwaggo ƙwai, hawaye na ɗiga a bayan hannunta.

Kafin yamma labari ya zaga 'ya'ya. Auta, ƙaramar 'yarsu da ke aiki a banki, ta iso ko takalmi ba ta gama cirewa ba.

"Mama, da gaske ne? Dayet a shekarun Baba? Wallahi ni abin ya ba ni shok! Na duba a waya, an ce tsofaffi in suka rage ci, naman jikinsu ne ke zubewa, ba kitse ba. Yayyena duk sun ce in zo in tsayar da abin nan."

"Ke ma kina ganin zan cuci ubanki?"

"Ba haka nake nufi ba, Mama, amma dai..."

"To, na ji. Wuce ki gaishe shi."

Da wata ya cika suka koma asibiti. Malama ta hau sikeli, kilo uku sun tafi. Tela ya hau, likita ta gyara tabarau ta sake dubawa: ya ƙaru da kilo ɗaya.

"Baba, kana bin lokacin kuwa?"

"Sau da ƙafa," in ji shi, yana kallon silin.

Malama ta kwana biyu tana tunanin ko ita ce ke cika masa mai a miya. A rana ta uku ya fita shago ya manta fulas ɗin shayinsa. Wajen ƙarfe tara ta yafa mayafi ta bi shi da shi.

Daga bakin ƙofa ta lura keken ɗinki shiru yake. Ta ɗaga labulen da ya raba shagon biyu. Ga Tela zaune a bayan teburin yanka, tef a wuya, an ture yadin mutane gefe. A gabansa kula ce a buɗe, soyayyen dankali da ƙwai, ga burodi an shafe shi da bota, ga shayi fari tas da madara. Gwaggo na gefe tana yi masa fifita da kwalin maɓallai.

Tela ya ƙame da loma a baki. Ya kasa taunawa, ya kasa haɗiyewa.

"Ina kwana, Yaya," in ji Malama, muryarta a kwance. Ta ajiye fulas a gefen almakashi. "Ka manta shayinka. A ci lafiya."

Ta juya ta fita. Sai da ta isa gida, ta rufe ƙofa, sannan ta bar kukan ya fito.

Ko awa ɗaya ba a yi ba ta ji ƙarar sandar da yake dogarawa a tsakar gida. Ya shigo yana haki, ya tsaya tsuru-tsuru a bakin ɗaki, hula a hannu.

"Malama, na yi laifi."

"Tun yaushe?"

"Tun washegarin ranar da ta zo. Kullum takwas da rabi tana bakin shago da kula. In na ce a'a sai ta fara kuka, ta ce ita ta raine ni. Ni kuma, gaskiya, ƙamshin ma ba ya taimako."

"Ni ina nan ina shan ruwan zafi saboda kai, danginka suna zagina, kai kana can kana karyawa sau biyu!"

"Wallahi ko daɗinsa ba na ji."

"Na ga alama. Har da bota."

Dariya ta kusa ƙwace masa, ya ga idanunta, ya fasa. Ya lallaɓa ya zauna kusa da ita, gwiwoyinsa na ƙara.

"Baban Auta," ta ce a hankali, "kana tsammani ina jin daɗin ganinka da yunwa? Ranar da aka ce maza biyu suka ɗaga ka, ban runtsa ba. Tsoro nake ji. Ba na so ka riga ni tafiya, ka bar ni ina dafa abincin mutum ɗaya."

Tunda suke bai taɓa jin ta yi magana irin wannan ba. Ya kama hannunta da hannayensa biyu.

"Gobe zan je in gaya wa Yaya ta daina, ko za ta yi fushi da ni shekara," in ji shi.

"A'a. Ita ma tsoron take ji, irin nawa. Ba za mu karɓe mata kularta ba. Asibiti za mu tafi da ita, da Auta."

Haka aka yi. Ranar Litinin su huɗu suka cika ofishin likita. Auta ta zaro waya ta karanto abin da ta gani, likita ta gyaɗa kai.

"Kin yi gaskiya, akwai wannan haɗarin. Shi ya sa ba yunwa na rubuta masa ba. In lokacin ci ya yi, ya ci ya ƙoshi: ƙwai, wake, kifi, ganye da yawa, mai kaɗan. Ya riƙa tattaki kullum don jikin ya yi ƙwari, ni kuma ina auna shi duk wata. Amma in ya ci gaba a yadda yake, nan da shekara biyu zai iya kasa zuwa shago da ƙafarsa."

Gwaggo ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "To in haka ne, ni ma a sa ni."

Likita ta karɓi katinta ta duba, ta yi murmushi. "Ke kam a'a, Mama. Kina shan maganin ciwon sukari. In kika tsallake karin kumallo faɗuwa za ki yi. Ba kowa ne wannan tsarin ya dace da shi ba."

"Kun gani ko?" Gwaggo ta waiwayo. "Ni likita ta ce in ci!"

Duk ɗakin ya ɗauki dariya. Malama ta matso kusa da ita.

"Yaya, alfarma nake nema. Abincin sha ɗaya shi ne mafi muhimmanci, shi kuma ba ya cin na kowa kamar naki. Ki riƙa kawo masa kular nan, amma sha ɗaya daidai, kuma irin wanda likita ta faɗa."

Gwaggo ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta goge ido da gefen mayafi.

Daga ranar babu mai gadin lokaci kamar Gwaggo. In Tela ya miƙa hannu saura minti biyar, sai ta buge hannun. Malama kuwa kullum da sassafe ta fita da shi tattaki. Da farko iyakarsu ƙarshen layi, yana hutawa a jikin kowace bishiya. Daga baya suka riƙa kaiwa har gada su dawo, suna hirar da suka shekara ba su yi ba. Akwai watan da sikeli ya ƙi motsi, Tela ya yi fushi ya ce an yi masa maguɗi. Malama ta lallashe shi suka ci gaba.

A wata na bakwai kilo goma sha ɗaya sun tafi, likita ta rage masa maganin hawan jini, sanda kuma ta koma bayan ƙofa. Wata Asabar aka taru a gidan cin abincin rana. Tela ya fito cikin riga da ya kwana biyu yana rage mata faɗi, ya juya a tsakiyar falo.

"Shekara hamsin ina buɗa wa mutane kaya, yau ga ni ina tsuke nawa!"

"Baba, ka koma saurayi!" Auta ta ɗaga waya. "Tsaya in ɗauke ka. Mama, ki yi hattara fa!"

Ana cikin dariya Gwaggo ta ɗaga hannu, aka yi tsit. Ta juya ga Malama.

"Na gaya miki magana marar daɗi a gidan nan, a gaban mijinki. To a gabansa zan janye ta. Ni na raine shi yana yaro, amma ke kika riƙe mini shi har ya tsufa. Ki yafe mini, ƙanwata."

"Haba Yaya, ya wuce tun tuni."

Auta ma ta durƙusa ta rungume ƙafafun uwarta. Tela ya share maƙogwaro, ya zaro wani ƙunshi daga bayan kujera, ya ajiye a cinyar Malama. Doguwar riga ce shuɗiya, da aikin hannu a wuya, irin wanda ya daina yi wa kowa saboda wahalarsa.

"Ban auna ki ba," in ji shi. "Kullum da safe ina tafe a gefenki, idona ya auna."

Malama ta rufe fuska da rigar don kunya, 'yarta na tafi, Gwaggo na cewa a bar yarinya ta je ta gwada.

Da a ce ranar da aka zarge ta ta rama, da gidan ya rabu biyu, Tela ya rasa inda zai sa kansa tsakanin matarsa da yayarsa. Sai ta yi haƙuri, ta gane wadda ke faɗa da ita ma ƙauna ce ke ɗawainiya da ita, ta ba ta gurbi maimakon ta ture ta. So na gaskiya ba kullum yake miƙa wa mutum abin da ransa ke so ba. Wani lokaci yakan ce masa ya dakata, sannan ya zauna a gefensa su jira tare.